Rasuwar Faffaɗa, Kyamarar Gidan Gammal

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, da wani ɗaci a baki wanda shayi mai sukari ya kasa kashewa, Madam Atiyyat Sabri al-Gammal, mai shagon ɗaukar hoto da ke layin kafintoci a Dumyat ta ƙasar Masar, tana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa tsayawa a gabanta yana gyara wuyan riga, rasuwar kyamararta mai ɗaukar hoto mai faɗi, wadda gari ya sani da suna Faffaɗa. Ta cika a Alƙahira, a kan teburin mai gyara, cikinta a buɗe, bayan jinyar da ta faro tun Ƙaramar Sallah. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, mu da abin hannunmu.

Marigayiyar ta zo Dumyat ne a jakar wani ɗan kawun Atiyyat mai aikin jirgin ruwa. A lokacin Atiyyat ba ta daɗe da fita takaba ba, ta karɓi shagon mijinta, maza kuwa suna wucewa ta ƙofar suna cewa mace ba ta ɗaukar hoton namiji ya yi kwarjini. Faffaɗa ce ta rufe musu baki. Kyamarar kowa tana ɗaukar hoto kamar taga, ita kuwa tana ɗauka kamar baranda. Takan cinye wurin hoto biyu a fim ta haifi ɗaya, amma ɗayan nan idan ya fito, sai ka bi shi da ido daga wannan gefe zuwa wancan kamar mai karanta layi. Masunta na Izbat al-Burg suka fara kiran Atiyyat ta ɗauke su da jirginsu tun daga hanci har wutsiya. Masu kujeru suka biyo baya, don ita kaɗai ke iya haɗa kujerun falo gaba ɗaya a hoto guda ba tare da ta yanke ƙafar ko ɗaya ba. Sai makarantu, sai bukukuwan aure, inda ba a taɓa jin wata gwaggo ta ce an bar ta a waje ba.

Ba mai yawan magana ba ce. In an saka mata fim takan yi wani dogon gurnani, zuuuuu, har ta janye shi duka cikin cikinta, sannan ta yi shiru. In an danna ta kuwa, ƙyas, kamar an fasa ƙwayar kankana da haƙori. Iyakar abin da aka taɓa ji daga bakinta ke nan tsawon shekara ashirin da ɗoriya. Ta sha iskar teku, ta sha ƙurar katako, ta taɓa faɗowa daga kan keken doki, ba ta kai ƙara wurin kowa ba.

Babban aikinta a duniya a cikin gidan Gammal ta yi shi, kuma dole a faɗe shi ko da wasu za su ji kunya. Atiyyat tana da 'yan'uwa maza biyu, Fikri yayanta da Ramzi ƙanenta, dukansu kafintoci, dukansu gwanaye, dukansu masu taurin kai kamar ƙusar da ta yi tsatsa a katako. Da mahaifinsu ya rasu suka raba shagonsa da bango, wannan bai dami kowa ba. Allon da ke saman ƙofa, mai ɗauke da sunan uban, shi ne ya zama fitina. Kowa ya ce nasa ne. Wata safiya aka tarar an raba allon biyu da zarto, rabin sunan yana kan ƙofar Fikri, rabi yana kan ta Ramzi, kuma har yau kowannensu yana rantsuwa ɗayan ne ya yanka. Tun daga ranar ba su sake ce wa juna ko sannu ba. Suna sallah a masallaci ɗaya, suna sayen katako wurin mutum ɗaya, suna jin tarin juna ta bango.

Mahaifiyarsu, Hajiya Nabawiyya, ta yi kuka, ta yi faɗa, ta kira dattawa, ta gaji. Daga ƙarshe ta tsaya a kan abu ɗaya. Duk washegarin Ƙaramar Sallah, kowa da kowa zai je bakin teku a Ras al-Bar, a ci agwagwar da ta cusa wa albasa da hannunta, amma sai an fara tsayawa an yi hoto. A nan Faffaɗa take nuna halinta. Fikri ya tsaya can ƙarshen dama da matarsa da 'ya'yansa, Ramzi can ƙarshen hagu da nasa, Hajiya a tsakiya a kan kujera, tsakanin kowane ɓangare da ita akwai rairayin da amalanke zai wuce. Ƙyas. In hoton ya fito, ga su duka a takarda ɗaya, ƙarƙashin sama ɗaya. Hajiya takan rataye shi a ɗakinta, ta nuna wa baƙi ta ce ga 'ya'yanta, kamar ba komai.

Ciwon ajali ya fara a hankali. Lambobin da ke 'yar tagar bayanta suka riƙa dusashewa. Ta koma cin batir kamar mai ciwon yunwa. In da sanyi sai Atiyyat ta saka ta cikin mayafi ta ɗumama ta a ƙirji kafin ta yarda ta tashi. Atiyyat ta ga alamun, ta kau da kai, kamar yadda ake yi wa tsoho idan ya fara manta sunan jikoki.

Ranar hoton bana an jeru kamar kullum. An gyara wa Hajiya mayafi, an tsawata wa yara, Atiyyat ta sa ido ta danna. Shiru. Ta sake dannawa, ta cire batir ta goge a gefen rigarta ta mayar, ta yi bismillah ta danna. Faffaɗa ba ta ce komai ba. Rana tana dukan mutane, Fikri ya fara duba agogo, Ramzi ya fara tattara yaransa.

Sai Dakta Hazim, surukin Fikri, likitan haƙori, ya fito daga layi yana murmushi da wayarsa a hannu. "Gwaggo, ki daina wahalar da kanki. Wannan abin wayata ma tana yi, kuma ba ta cin fim."

Ya tsaya inda Atiyyat take tsayawa, ya ce kowa ya daskare, ya riƙa jan wayar daga dama zuwa hagu kamar mai shafa wa iska fenti. Abin da ya fito, Atiyyat ta ce ko a mafarkin zazzaɓi ba ta taɓa ganin irinsa ba. Hajiya ta yi atishawa a tsakiyar ɗaukar, sai ta fito da kai biyu, ɗaya yana kallon gaba, ɗaya ya narke a kafaɗarta. Matar Ramzi ta sami hannu na uku. Teku ya karye a tsakiya kamar matakala. Wani kare da ya ratsa ta baya ya miƙe ya yi tsawon kada. Yara suka fashe da dariya, manya suka bi su, kafin a ce wani abu an tura hoton wa dangi na Iskandariya da na Kuwait. Aka miƙa wa Hajiya wayar. Ta daɗe tana kallo, sannan ta mayar, ta ce a kai ta mota. Ranar ba ta ci agwagwarta ba, Atiyyat ma ba ta ci ba. Ta zauna da marar lafiyar a cinya tana kallon mutane suna tsotsar ƙashi suna sake buɗe hoton suna dariya.

Bayan Sallah ta naɗe Faffaɗa a gyale ta hau mota zuwa Alƙahira, wurin Usta Girgis, tsohon mai gyaran kyamara da ke wani lungu kusa da Ataba, wanda ya yi wa mijinta aiki tun kafin a aure ta. Ya ba ta kujera, ya aika a kawo shayi, ya kwance marar lafiyar a hankali. Ya nuna mata wani koren allo ƙarami, bai fi biskit ba, ya ce nan ne ranta yake, kuma ya mutu. Ta ce to a sa wani. Ya ce babu. Ta ce a rubuta wa masu ƙera ta. Ya cire tabarau ya ce ai sun daina yin irinta tun tuni, kayan gyaranta ma sun ƙare a duniya.

Atiyyat ta san an daina, amma ba ta taɓa sanin dalili ba. Ta sha jin labarai a bakin masu hoto. Wani ya ce masana'antar ce ta ƙone. Wani ya ce tsohon da ke goge gilashin idonta ne ya mutu bai koya wa kowa ba. Ta fi son wannan na biyun, don yana da mutunci. Usta Girgis ya ce ba ko ɗaya. Ya ɗauki tsinke ya nuna mata wasu ɗige-ɗige masu sheƙi a jikin allon, ƙanana kamar ƙwayar riɗi. Ya ce dalma ce aka narka aka liƙe wayoyin da ita. A Turai aka yi doka cewa kada a ƙara sayar da sabon kayan lantarki mai dalma a ciki, saboda in an zubar da shi a juji gubar tana shiga ƙasa da ruwa. Kamfanin, wanda ba za a ambaci sunansa a nan ba don kada a yi masa talla a gidan makoki, ya duba ya ga sai ya sake tsara cikinta gaba ɗaya. Ya duba kasuwa ya ga mutane sun juya wa fim baya. Sai ya rufe ƙofa, ya koma yin abin da ake rububi.

Dokar ba ta ba Atiyyat haushi ba. Ta tashi cikin masunta, ta san dalmar da ake ɗaura wa taru, ta sha fizge ta daga bakin jikokinta. Abin da ya ƙona mata rai shi ne ƙanƙantar dalilin. Ta ɗauka wani babban bala'i ne ya katse zuriyar Faffaɗa, ashe wasu mutane ne suka zauna a ɗaki mai sanyi suka ga gyaran bai cancanci wahalarsu ba.

"Usta, wato an ce musu su sake wa yarinya riga, sai suka yar da yarinyar."

Ya ce kusan haka ne. Ya ƙara da cewa magani ɗaya ya rage, a sami wata 'yar'uwarta da ta mutu da wani ciwon dabam, a ciro allon a dasa mata. Amma irinsu yanzu sun zama kayan ado, masu hali sun kwashe su, masu rai da matattu.

Kamar an kira shi, sai ga ɗaya daga cikin masu halin ya shigo, wani matashi mai gidan shan gahawa a Zamalek, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. A wuyansa kuwa ga 'yar'uwar Faffaɗa tana lilo, sabuwa fil, ko ƙwarzane babu. Ya ga gawar a kan tebur, idonsa ya yi haske. Ya ce yana da irinta uku, ɗaya ma gilashinta a fashe, tana kan kanta a shagonsa mutane suna hoto da ita. Atiyyat ta haɗiye girman kanta, ta ba shi labarin Hajiya da hoton Sallah, ta roƙe shi allon mai fasasshen gilashin, tunda ba aiki take yi ba. Ya dafa ƙirji ya ce ya tausaya ƙwarai, amma in aka buɗe ta an ɓata asalinta. Sai dai in ita Atiyyat za ta sayar masa da wannan, don tsufanta ya yi kyau, zai dace da bangon bulo.

Atiyyat ta kalli ta wuyansa. 'Yar tagar bayanta ta nuna babu fim a ciki. Ta tambaye shi yaushe rabon da ya ɗauki hoto da ita. Ya yi dariya ya ce ai wanke fim wahala ne, da waya yake ɗauka.

"Allah ya ba ka lafiya, ɗana. Kaza ma tana da fiffike."

Ta sa Usta Girgis ya mayar da komai wurinsa ya rufe. Ya ƙi karɓar ko sisi, ya raka ta har bakin titi. A mota ta riƙe gyalen a cinya har Dumyat, wata mata da ke kusa da ita ta tambaya ko jariri ne, ta ce a'a, tsohuwa ce.

Ta dawo ta tarar Hajiya a kwance, ciwon ƙirji ya kama ta. Tsohuwar ta ce ba ta da tabbacin ganin wata Sallar, kuma ba za ta bar duniya hotonta na ƙarshe ya zama mai kai biyu ba. A kira mata Fikri da Ramzi, a ɗauka a nan ɗakin. Atiyyat ta gaya mata Faffaɗa ta tafi, abin da ya rage sai 'yar kyamarar fasfo, wadda mutum uku ma sai sun matsu take ɗauka. Hajiya ta ce ai mutum uku ne.

Suka zo, kowa a lokacinsa, kowa ya tsaya a gefensa na gado, kamar masu gadin banki. Atiyyat ta leƙa ta ce kunnen Yaya Fikri kaɗai take gani, Ramzi kuwa sai gwiwar hannu. Suka matso kaɗan, kamar ana cire musu haƙori. Ta ce har yanzu. Fikri ya ce ta ja da baya mana. Ta ce bayanta bango ne, in yana so ya rushe shi, ya san aikin bango.

Hajiya ta buɗe ido. "Ku matso ko ku fita. Ba ni da numfashin jiranku."

Suka sunkuyo har kawunansu suka kusa haɗuwa a saman nata. Aka ɗauka. Hoton ya fito da fuskoki biyu a murtuke kamar an buɗe musu tulun kifin da ya kwana a rana, da tsohuwa a tsakiya ta kama hannun rigar kowannensu ta riƙe gam. Atiyyat ta ce a duk aikinta ba ta taɓa fitar da hoto mai muni irinsa ba. Hajiya ta sa shi ƙarƙashin matashi, washegari ta nemi miyar lalo, yanzu haka tana zaune tana ba da umarni.

Ba a faɗin aibin mamaci, amma Atiyyat ta nemi a rubuta wannan. Da ta tsaya a ɗakin tana kallon dogayen hotunan da suka jeru a bango, shekara bayan shekara, da fegin rairayin nan a kowanne, sai ta ji haushin marigayiyar ma ya kama ta. Haƙurin Faffaɗa ya yi yawa. Ta ba ƙattin banza biyu fili, su kuwa suka miƙe ƙafa.

Marigayiyar ta bar ido ɗaya lafiyayye wanda ba ya shiga jikin kowace kyamara sai irinta, da murfinsa, da igiyar wuya da gumin Atiyyat ya baƙanta. Ta bar fina-finai a firij kusa da cuku, marayu, ba a san wanda zai ci su ba. Ta bar ƙanwarta ta fasfo, mai ƙuntataccen gani amma mai biyayya. Ta bar hotuna a gidajen masunta, cikinsu har da na jiragen da suka nitse da mutanen da ba a sake gani ba sai a nan. Ta kuma bar Atiyyat, wadda har yanzu in ta ga jama'a sun taru hannunta yakan tafi ƙirji neman abin da babu.

Game da jana'iza, an tuntuɓi limamin unguwa, ya ce ƙarfe ba ya buƙatar salla, amma masu shi suna buƙatar haƙuri. Ba za a binne ta a ƙasa ba, ba kuma za a jefa ta a teku ba, saboda dalmar nan dai. Za a sa ta a akwatin katako a ɗora a saman kabad ɗin Hajiya. Za a karɓi gaisuwa a shagon hoto bayan la'asar, da gahawa ba sukari. Dakta Hazim yana iya zuwa in ya bar wayarsa a mota. Mai gahawar Zamalek kada ya wahalar da kansa. Kamfanin da ya haife ta ba a jiran wakilinsa, ya riga ya yi tasa ta'aziyyar tun tana da rai.

Ranar rufe akwatin ce ba a tsayar ba, ga kuma dalili. Hajiya ta ba Fikri aikin akwatin, ta ba Ramzi aikin murfin. Kowannensu ya zo shago ya auna gawar shi kaɗai, ya koma ya zuba gwaninta, Fikri da katakon goro mai duhu, Ramzi da sassaƙar furanni. Da aka haɗa, murfin ya gaza da faɗin yatsa. Fikri ya aiko matarsa ta ce akwatinsa daidai yake. Ramzi ya aiko tasa ta ce murfinsa daidai yake. Atiyyat ta mayar wa kowa kayansa, ta ce a gaya musu marigayiyar za ta kwanta a buɗe ƙura tana hawanta har sai sun ji kunya, in suna da ita.

Jiya da hantsi aka ga Ramzi a bakin shagon yayansa da murfin a hammata. Bai shiga ba, bai kuma tafi ba. Layin kafintoci ya yi tsit, har masu zarto suka tsaya. Can sai aka ji Fikri, bai ko ɗago daga aikinsa ba, ya ce, "Wa ya koya maka awo, jaki?" Ramzi ya ce wanda ya koya masa ne ya koya wa mai tambayar, ya shiga. Har yanzu suna ciki suna zagin aikin juna. Ana roƙon masu zuwa gaisuwa su biyo ta layin baya, kada su katse su.